Kana Sayar Da Kaya A Intanet? Ga Abin Da Ya Kamata Ka Sani Game Da Harajin VAT

A yau matasa da dama sun mayar da wayarsu shago. Ka ɗora hoton takalmi, turare ko atamfa a WhatsApp ko Instagram, mai saye ya turo kuɗi ta OPay, Moniepoint ko PalmPay, ka aika masa da kayansa ta tasha. Tambayar da ake yawan yi ita ce: wannan kuɗi da ke shigowa ta waya akwai haraji a kansa? Kuma manhajar da ka karɓi kuɗin da ita tana biya maka, ko kai ne za ka biya?

Mene ne VAT?

A Najeriya harajin da ake ɗorawa kan sayar da kaya da ayyuka shi ne VAT. An fara karɓarsa a 1994 a kan kashi 5 cikin 100, sai Dokar Kuɗi ta 2019 ta ɗaga shi zuwa kashi 7.5 daga Fabrairun 2020. Mai saye ne ke biyansa, aikin mai sayarwa shi ne ya karɓa ya miƙa wa gwamnati. Doka ba ta bambanta mai shago a Kantin Kwari da mai sayarwa a TikTok ba, kuma ba ruwanta da ko an biya da tsabar kuɗi, da POS ko da tiransifa. Sai dai akwai kayan da ba a ɗora wa mai saye VAT a kansu, kamar kayan abinci na yau da kullum, magunguna da littattafan karatu.

Wa ya wajaba ya karɓa?

Ba kowa ba. Daga 2020, wanda cinikinsa na shekara bai kai Naira miliyan 25 ba an ɗauke masa wannan nauyi. Sabbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, waɗanda suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, sun ɗaga iyakar ƙaramar sana'a zuwa cinikin Naira miliyan 100 a shekara. Su ne kuma suka mayar da hukumar FIRS zuwa NRS.

Abin lura a nan shi ne, jimillar ciniki ake dubawa, ba riba ba. Mai sayar da wayoyi na Naira 250,000 kowace ɗaya, idan ya sayar da guda 400 a shekara, wato kimanin takwas a mako, ya kai miliyan 100 ko da ribarsa ba ta taka kara ta karya ba. Don haka masu harkar waya da kwamfuta su fi kowa sa ido a kan lissafinsu.

Yadda lissafin yake

A ce ka wuce iyakar kuma ka yi rajista. Ka sari takalmi a kan Naira 20,000, dila ya ɗora maka VAT na Naira 1,500. Ka sayar a kan Naira 30,000, ka karɓi ƙarin Naira 2,250 daga mai saye. Abin da za ka miƙa wa hukuma shi ne 2,250 a cire 1,500, wato Naira 750. Amma sai kana da rasit da ke nuna VAT ɗin da ka biya wajen sari. Ana shigar da bayanin kowane wata kafin ranar 21 ga watan da ke biye masa ta wuce.

Manhajar biyan kuɗi ba ta biya maka

Wannan ne inda mutane suka fi ruɗewa. Naira 50 da ake cirewa a tiransifar Naira 10,000 zuwa sama haraji ne na daban, wanda ya fara shafar manhajoji irin su OPay da Moniepoint a Disambar 2024. Ba VAT ɗin kayanka ba ne. Haka kuma VAT da ake ɗorawa kan cajin banki, a kan kuɗin hidimar ne kawai, ba a kan kuɗin da aka turo maka ba. Idan kana biyan talla a Facebook ko Instagram, tun Janairun 2022 Meta na ƙara kashi 7.5 a kan tallan masu talla daga Najeriya, shi ma na tallan ne. Duk waɗannan ba su sauke maka nauyin cinikinka ba.

Idan cinikinka ƙarami ne fa?

Rashin karɓar VAT ba ya nufin babu komai a kanka. Akwai harajin kuɗin shiga a kan riba, wanda mutum ke biya wa hukumar jiharsa, kamar KIRS a Kano ko KADIRS a Kaduna. A sabuwar doka, Naira 800,000 na farko a kuɗin shigar mutum na shekara babu haraji a kai. Kuma kada ka ɗora wa masu saye VAT alhali ba ka miƙa shi ga hukuma, domin wannan kuɗi ba naka ba ne.

Abin da za ka yi tun yanzu

Na farko, raba asusun kasuwanci da na gida. Kuɗin da yayanka ya turo na biki ko bashin da aboki ya dawo maka da shi ba ciniki ba ne, amma idan suka cakuɗe da kuɗin kaya, da wuya ka iya bambance su ranar da aka tambaye ka.

Na biyu, sauke bayanan asusunka daga manhaja duk ƙarshen wata, ka adana a Google Drive.

Na uku, rubuta kowane ciniki da kowane sari, ko a Google Sheets ko a littafi, ka ɗauki hoton rasit.

Na huɗu, tabbatar kana da lambar shaidar haraji, domin manyan kamfanoni kan nemi ta kafin su sayi kaya a hannunka.

Idan ka ga cinikinka na wata ya fara haura Naira miliyan 8, to ka kusa iyakar shekara. Lokacin ne ya dace ka nemi akawu ko ka leƙa ofishin haraji mafi kusa, tun kafin tara ta same ka.