Al Wakrah: Garin da ya koya mana ma'anar tawakkali

Idan mai karatu bai manta ba, a daren 23 ga Yuni, 2025 ne Iran ta harba makamai masu linzami kan sansanin sojan Amurka na Al Udeid da ke ƙasar Katar. Ba a cika wata uku ba, a ranar 9 ga Satumba, sai jiragen yaƙin Isra'ila suka kai hari birnin Doha, inda mutane 6 suka rasu, har da jami'in tsaron Katar guda. Ƙasar da ta yi suna wajen sasanta masu faɗa, ita ce wuta ta faɗa wa daga ɓangarori biyu.

Irin wannan ne ke sa mu tambayar da muka yi a Kano bayan harin 20 ga Janairu, 2012, da na Babban Masallacin Juma'a a 2014: me ya sa azzalumi ke cin karensa babu babbaka, alhali Allah na gani?

Kafin mu yanke ƙauna, bari mu leƙa Al Wakrah, tsohon gari na bakin teku da ke kudu da Doha. A da sana'ar mutanensa su ne kamun kifi da nutso a teku don ciro lu'ulu'u. A 1925 wata guguwa ta kifar da jiragen masu nutso da dama a tekun Fasha, ta bar zawarawa da marayu. Ba a gama jimami ba, sai lu'ulu'un da Japan ta ƙware wajen renonsa ya karya kasuwa a shekarun 1930. Yunwa ta shigo, gidaje da yawa suka yi hijira. Waɗanda suka zauna ba su san cewa arzikin da Allah Ya tanadar musu na ƙarƙashin ƙasa ba, sai da aka fara fitar da man fetur zuwa waje a 1949.

Jarrabawa ba ta ƙare a nan ba. A watan Yunin 2017, ana cikin azumi, Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Bahrain da Masar suka yanke hulɗa da Katar, aka rufe iyakarta tilo ta ƙasa, wadda ta nan abinci mai yawa ke shigowa. An yi addu'a, amma ba a naɗe hannu ba. Tashar jiragen ruwa ta Hamad da ke kudu da Al Wakrah ta buɗe sababbin hanyoyi zuwa Oman da Indiya, aka kuma kwaso shanun tatsa a jiragen sama. A Janairun 2021 aka sasanta a Al Ula.

Darasin shi ne, tawakkali ba lalaci ba ne. Malamai sun sha tuna mana yadda Manzon Allah (SAW) ya umarci wani mutum da ya ɗaure raƙuminsa tukuna, sannan ya dogara ga Allah. Haka kuma yarda da ƙaddara ba ta wanke mai laifi. Leburorin da suka rasa rayukansu ko haƙƙinsu a ayyukan gasar cin kofin duniya ta 2022, wadda aka buga wasu wasanninta a filin Al Janoub na Al Wakrah, suna da ranar da za a bi musu kadi, ko a nan ko a can.

Don haka jama'a, jinkirin da Allah ke yi wa azzalumi talala ce, ba mantuwa ba. Namu shi ne mu hana ɓarnar da muke da ikon hanawa, mu tallafa wa wanda aka cuta, sauran mu bar wa Mai kowa Mai komai. Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo. Allah Ya ba mu ikon cin jarrabawa, amin.