Tsohuwar Mota a Hannun Sabon Direba: Ina Kuɗin Gyara Zai Fara Zuwa?

A Amurka akwai wata al'ada da samarinmu ke yawan gani a waya. Yaro zai sayi tsohuwar Ford Mustang ko Pontiac GTO, irin motocin da suka fara fitowa a 1964 da manyan injuna masu silinda takwas, ya shigar da ita garejin gidansu yana gyara ta da kaɗan-kaɗan har ta koma kamar sabuwa. An ƙera motocin nan ne a lokacin da fetur ba shi da tsada a can. Da rikicin mai na 1973 ya zo, kasuwarsu ta faɗi, sai daga baya suka zama kayan marmari. Saurayin Batsari ko Safana da ya tara 'yan kuɗinsa daga rogo ko dankali ko sayar da ɗan sa, ba Mustang zai samu ba, kuma ko ya samu babu mai sayar masa da kayan gyaranta. Abin da ke gabansa shi ne Peugeot 504 da 505, da Golf 2 da Golf 3, sai kuma jefi-jefi tsohuwar Marsandi. Sha'awar dai iri ɗaya ce, ta mutum ya ɗauki abin da aka yar ya raya shi da hannunsa. Hanyar da motar za ta bi ce ta bambanta, kuma ita ce ya kamata ta tsara yadda za a kashe kuɗin.

Fijo 504 ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. A 1968 aka fito da ita a Faransa, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975. A shekarar nan ta 1975 ne kamfanin PAN ya fara haɗa motocin Peugeot a Kakuri da ke Kaduna, kuma an ci gaba da haɗa 504 a nan gida har wajen 2006, shekaru masu yawa bayan Turawa sun daina yayinta. Dalilin daɗewarta ba ɓoyayye ba ne. Tana da tsayi daga ƙasa, ƙafafunta na shanye gargada, ƙafar baya ce ke tura ta, injinta mai silinda huɗu ne da kafireta, babu kwamfuta ko ɗaya a jikinta. Duk bakaniken da ya haura shekara hamsin a ƙasar Katsina a kanta ya koyi aiki. Golf 3 kuwa, wadda Jamus ta ƙera daga 1991, ta shigo mana ne a matsayin 'yar Beljiyam, galibi ta Kwatano, ta zama motar haya da ta lodi a tashoshinmu. Ta fi Fijo sauƙin shan mai, kayanta sun fi yawa a kasuwa yanzu, amma tana da ƙasa-ƙasa, kuma kafin ta iso hannunka wataƙila ta sha ɗaukar buhunan da suka ninka ƙarfinta.

Shan mai ba ƙaramar magana ba ce tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa. Wanda ya sayi Fijo don arha, ya sani a gidan mai zai riƙa biyan cikon.

Kuskuren da na fi gani ga masu motar fari shi ne su zube duk abin da ke aljihunsu wajen saye. Shawarata, in ka ƙirga kuɗinka ka raba uku, kashi biyu ne na mota, ɗaya na gyara, kuma kada ka bari dillali ya ji ƙamshin kashi na ukun. Ranar duba mota ka tafi da bakanikenka, ba wanda mai motar ya kawo ba, kuma ku isa da sassafe kafin a tayar da ita. Ka ɗora tafin hannu a kan injin. In ka ji ɗumi, an riga ku ne aka ɗumama shi don ya tashi a bugu ɗaya. A tayar kana tsaye a bayan salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na nufin injin na cin baƙin mai, ringi ya gaji. Baƙin hayaƙi, fetur ne ke yi masa yawa, sau da yawa gyaran kafireta ya wadatar. Farin hayaƙi mai kauri wanda bai ɗauke ba bayan injin ya yi zafi, ruwa ne ke shiga silinda, gaskit ya ƙone ko tof ya tsage. A buɗe murfin baƙin mai a duba cikinsa. In an ga wani abu fari-fari mai yauƙi ya manne, mai da ruwa sun haɗu. Sannan a ɗaga shimfiɗar ƙasa, a leƙa ƙarƙashin kujeru da gindin ƙofofi da wurin ajiye safaya. Ɗan maganaɗisu ma na da amfani: ka bi jikin motar da shi, duk inda ya ƙi kamawa to ba ƙarfe ba ne, cikon fanel bita ne aka shafe da fenti. Injin da ya gaji ana iya sauke shi a gyara. Shasin da ya ruɓe ko ya karkace saboda hatsari, kuɗinka ba zai miƙar da shi ba, ka bar musu kayansu.

Takardu ma kafin biya ake duba su. Lambar shasi da ta injin da ke jikin ƙarfe su dace da na takarda harafi da harafi. In motar 'yar waje ce, a ga takardar kwastan, domin a farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma yankin da ke maƙwabtaka da Jibiya da iyakar Nijar ba ya rasa motocin da suka shigo ta bayan gida. A rubuta yarjejeniyar saye da shaidu, a yi canjin suna. A yankin da jami'an tsaro ke tare hanya suna bincike, motar da ba a san asalinta ba na iya jawo wa mai ita abin da ya fi asarar kuɗi.

To an saya. Nan ne zuciya ke fara raya wa saurayi fenti da rim mai ƙyalli da sifika mai girgiza but. Ni kuwa na ce a tuna inda ake. Batsari da Safana na bakin dajin Rugu, kuma babu wanda ke buƙatar a gaya masa abin da yankin ya sha a hannun 'yan bindiga. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka rufe a ƙananan hukumomin nan da wasu maƙwabtansu, aka kuma hana sayar da fetur a jarka. Wanda ya rayu a lokacin ya san abin da ake nufi da mota ta mutu maka tsakanin gari da gari, rana ta yi ja, babu sabis ɗin kiran kowa. Mai mota a Kano in ta tsaya masa, haushi ne kawai da kuɗin ja. A hanyar Runka ko ta Ruma lissafin daban ne. Saboda haka ingantawar da ta dace da mu ita ce wadda za ta sa motar ta tsaya in an taka birki, ta tashi in an murza makulli, kada kuma ta tafasa a hanya. Ƙarin gudu da ado su jira.

Birki ne farko. A sauya fad da takalmin birki, a duba robobin da mai ke bi, waɗanda shekaru ke sa su tsattsage, a zubar da tsohon man birki gaba ɗaya a zuba sabo. Man birki na tsotsar danshi daga iska, kuma in ya tsufa yana iya tafasa sa'ad da birki ya yi zafi, sai ka taka ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa babu komai. Akwai masu zuba ruwan omo a madadinsa. Wannan ba dabara ba ce, yana cinye robobi, yana sa ƙarfe tsatsa daga ciki, ranar da zai ba da kai kuma ba ya sallama. Taya na biye. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a jere, biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar Beljiyam na iya zuwa da zanenta raɗau alhali robarta ta bushe, kuma kwaltar watan Afrilu ba ta yi wa busasshiyar roba uzuri. Gara ƙaramar sabuwar taya da babbar suna wadda ta shekara goma.

Sai sanyaya injin. Yawancin tsofaffin injunan da suka mutu a ƙasar nan zafi ne ya kashe su. A cire lagireto a wanke shi ciki da waje, a sauya robobin ruwa da fanbel da murfin lagireton kansa, wanda mutane ke rainawa alhali shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa saurin tafasa. Ruwan rijiya na barin ƙasa-ƙasa da ke toshe ƙananan hanyoyin ciki, don haka a nemi ruwan lagireto na kanti. Wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejojinmu ita ce cire tamostat a yar, wai don ƙasar zafi ce. Zafin da ya sa aka cire shi yawanci daga toshewar lagireto yake ko fanka, kuma injin da ba shi da tamostat yakan daɗe bai kai ɗumin aikinsa ba, musamman da safiyar hunturu, sai ya ƙara shan mai ya kuma ci jikinsa. A Golf mai allurar mai abin ya fi muni, domin kwamfutar na ɗauka injin bai yi zafi ba, ta yi ta ƙara masa fetur. Mai Golf kuma ya sauya bel ɗin taimin tun ranar farko, tunda babu wanda zai gaya masa gaskiyar yaushe aka sa na ciki. Fijo 504 sarƙa take amfani da ita, wannan damuwar ba tata ba ce.

Wajen wuta ne ake samun ingantawa ta gaske da kuɗi kaɗan. Tsohuwar Fijo da kwantak take ba filogi wuta, ƙarfe biyu ne da ke buɗewa suna rufewa dubban sau a minti, suna cinyewa, saitin na gocewa, motar ta fara gardama da safe. Ana iya maye gurbinsa da na lantarki wanda ba ya gogayya, tashi ya yi sauƙi, a huta da saiti. Riwaya mai hankali zai bi wayoyi ya cire ƙulle-ƙullen da magabata suka bari, ya mayar da fis duk inda aka naɗa waya a madadinsa, domin wayar da aka naɗa a gurbin fis ita ke sa mota ta kama da wuta. Ya kuma sa wa fitilun gaba rile, haskensu zai ƙaru ba tare da an sayi fitilar da ke makantar da na gaba ba. Matatar iska da matatar fetur kuwa su ne mafi arha a duk jerin, su ne kuma aka fi mantawa da su. Ga ƙurar hunturu, ga man 'yan bumburutu da ba a san abin da ke gindin jarkarsa ba. Ƙarin matatar fetur guda kafin kafireta na hana tsayawa da yawa a hanya.

Kayan gyara, in ba a samu a Katsina ba, Kofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna ne matattara. A nan sai an yi hattara da sabo na jabu. Sau da yawa tsohon ƙarfe na asali da aka ciro daga wata mota ya fi sabon da ke cikin kwali mai sheƙi. Amma wannan ga ƙarfe ne kawai. Roba, bel, fad ɗin birki da matata, sababbi ake saye. Kuma a riƙa karɓar tsohon da aka cire a gani da ido, ba don an zargi bakanike ba, don a koyi abin da ya lalace da dalili.

Akwai abubuwa biyu da zan ce a dakata da su. Na ɗaya ɗora injin wata mota, abin da wasu ke yi wa Fijo don rage shan mai. Yana yiwuwa, amma yana jawo sauya mazaunin injin da giya da wayoyi, in kuma aikin bai yi kyau ba ka samu motar da bakanike ɗaya ne tak a duniya ya san kanta. Na biyu mayar da ita mai amfani da iskar gas ta CNG, wadda gwamnatin tarayya ke tallatawa tun 2023. Arharta gaskiya ce, amma sai ka tambayi kanka ina za ka riƙa cikawa daga Safana. Tukunyarta kuma ta musamman ce mai jure matsi mai tsanani. Wadda mai walda ya haɗa ko ta girkin gida bam ce kake ɗauke da shi a but.

Sabon direba ya san cewa 504 da Golf 2 ba su da jakar iska, galibinsu kuma ba su da birkin da ke hana taya kullewa. Bel ɗin kujera shi ne kaɗai kariyarsa, don haka in ya tsinke ko an yanke shi, a sa wani kafin a sa rediyo. Lasisi daga shekara 18 ake ba da shi, inshorar dole ta ƙaramar mota ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023, kuma a tabbatar ta gaske ce ba takardar bakin tasha ba. A but kada a rasa safaya mai iska, jak, sifana, fanbel, fis, galan ɗin ruwa da tocila, kuma mai motar ya koyi sauya taya da fanbel da kansa a tsakar gida tun kafin hanya ta tilasta masa.

Fenti na zuwa ne bayan an yi wata biyu ko uku ana hawa, an ga ba ta zubar da mai, allurar zafi ba ta wuce tsakiya, ta je Katsina ko Dutsinma ta dawo ba a buɗe bonet ba. A lokacin ma a kankare tsatsa har ƙarfe ya fito, a shafa abin hana tsatsa kafin launi, in ba haka ba damina ɗaya za ta kumburo da shi. In an sauya launin motar, sai an je ofishin lasisi an gyara takarda ta dace da sabon launin. Baƙin gilashi kuwa ya haɗa mutane da yawa da 'yan sanda a shingen bincike, kuma a hanyoyinmu motar da ba a ganin na cikinta tsoro take ba mutanen ƙauye tun daga nesa.