Ina Gamba Ta Tafi?

Wanda ya bi hanyar Rano zuwa Kibiya da damina zai ga daji kore shar, ya ce ai dabbobi sun sami abinci. To, ya tsaya ya duba irin ciyawar. A filayen kiwo da yawa tafasa da ƙarangiya ne suka cika wuri. Gamba kuwa, wadda ake saƙa zana da ita, sai a iyakar gona ko bakin rafi.

Gamba ciyawa ce mai daɗewa, saiwarta na nan da rai ko da rani. Da ruwan fari ya sauka sai ta yi toho, shanun da suka sha yunwar bazara kuma su far mata. In ana cinye tohon nan a kai a kai kafin saiwa ta tara ƙarfi, gindin mutuwa yake yi. Kyasuwa da harkiya daga iri suke tsirowa kowace shekara, su ma in an cinye su kafin su zubar da iri, baɗi sai su ragu. Tafasa kuwa shanu ba su damu da ɗanyenta ba, saboda haka ita ke gaje filin.

Ruwan sama shi ke yanke yawan ciyawar shekara. A farin 1973 da na 1984 ciyawa ta yi ƙaranci a ƙasar Hausa, dabbobi da yawa suka mutu. Da ruwa ya dawo, ciyawa mai fitowa daga iri ta dawo da sauri, amma gindin gamba da ya mutu ruwa ba ya tashe shi.

Nan ne amfanin shinge, na waya ne ko na aguwa. Aikinsa shi ne bai wa fili hutu, musamman a farkon damina. Inda akwai sauran saiwa, gamba takan farfaɗo. Inda babu, sai an shuka ta.

Sai dai shanun da aka hana shiga wani wuri ba daina ci suke yi ba. Sukan taru a ɗan filin da ya rage, su ƙara cinye shi. Tun 1965 Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, amma gonaki sun ci da yawa daga cikinsu, har da burtali. Kafin a kafa shinge a Fammar, ya kamata manomi da makiyayi su zauna gaban mai gari su shata inda shanu za su bi zuwa mashaya.