Lissafin Shekarun Mutum Da Ranar Haihuwarsa

Jawabin kimiyya na wannan mako a kan lissafin haihuwa yake, watau yadda ake gane shekarun mutum da watanninsa da kwanakinsa daidai, da kuma ranar makon da ya zo duniya.

A zamanin da, in an tambayi dattijon Kano shekarunsa, sai ya ce an haife shi shekarar da Turawa suka shiga birni, watau 1903, ko kuwa shekarar da jirgin ƙasa ya iso, 1911. Wannan amsa ta wadatar a lokacinta. Amma Bahaushen da ya zo karatu Mancesta, ko aikin asibiti Bamingham, a ƙasar Ingila, ba a karɓar wannan daga gare shi. Fasfo da shiga makaranta da fensho duk sun rataya ne ga rana da wata da shekara. Wanda ya san shekara kaɗai, sau da yawa akan rubuta masa 1 ga Janairu, ranar nan kuwa ita za ta bi shi har tsufa, ko daidai ce ko ba daidai ba.

Tushen lissafin shi ne tafiyar duniya. Duniya tana gama kewaya rana cikin kwana 365 da sa'a 5 da kusan minti 49. Tun da yake ba a iya sa guntun kwana cikin kalanda, sai Rumawa a zamanin Yuliyas Kaisar suka ƙaddara guntun nan rubu'in kwana ne, suna ƙara kwana guda ga watan Fabrairu kowace shekara ta huɗu. Irin wannan shekara mai ƙarin kwana ita ce malaman hisabi ke kira kabisa. To, rubu'in kwana sa'a 6 ne, ya ɗara gaskiya da misalin minti 11. Ƙaramin abu ne a ido, amma cikin shekara 128 yakan taru ya zama kwana guda cif. A 1582 Paparoma Giregori na 13 ya sa aka gyara: aka zubar da kwana 10, aka kuma ce shekarar da ke cika ƙarni ba za ta zama kabisa ba sai in tana rabuwa da 400. Shi ya sa 1900 ba kabisa ba ce, 2000 kuwa kabisa ce.

Ingila ba ta karɓi gyaran nan ba sai 1752, lokacin kuskuren ya kai kwana 11. Mutane suka kwanta ran Laraba 2 ga Satumba, gari ya waye musu Alhamis 14 ga Satumba. A Bamingham akwai wani saurayi wai shi Matthew Boulton, wanda daga baya ya haɗa gwiwa da James Watt suka yi ta ƙera injin tururi. An haife shi ran 3 ga Satumba 1728, saboda haka a shekarar da zai cika 24 babu ranar haihuwarsa cikin kalanda sam. Ya rasu ran 17 ga Agusta 1809. Mai lissafi da garaje zai ce ya yi shekara 80 da wata 11 da kwana 14. Amma 3 ga Satumba ta tsohuwar kalanda ita ce 14 ga Satumba ta sabuwa, don haka abin da ya rayu shi ne shekara 80 da wata 11 da kwana 3. Majalisar Ingila ta hango wannan rikici, ta rubuta cikin dokar cewa kada a ce wani ya cika shekara 21 sai ya ƙidaya kwanakinsa cikakku. Lalle kuwa, tun da gado da dukiya sun rataya ga cikar shekarun nan.

A Mancesta kuma akwai labarin John Dalton, masanin da ya kafa bayanin ƙwayar zarra, wanda ya zauna a garin tun daga 1793 har rasuwarsa a 1844. Mutumin nan ya yi shekara 57 yana rubuta halin yanayi kowace rana ta Allah, zafi da ruwa da iska. Duk da haka ranar haihuwarsa ba ta tabbata ba: waɗansu littattafai sun ce 5 ga Satumba 1766, waɗansu sun ce 6. A zamaninsa gwamnati ba ta rajistar haihuwa, don ba a fara ta a Ingila ba sai ran 1 ga Yuli 1837. Ashe rashin sanin ranar haihuwa ba abin kunya ba ne ga dattijon ƙasar Hausa. Rashin rubutu ne ya jawo shi, a can da nan duka.

Hausawa ma suna da wata irin rajista tasu, ita ce sunan rana. Ɗanladi da Ladi 'yan Lahadi ne, Altine 'yar Litinin, Talatu 'yar Talata, Balarabe ɗan Laraba, Ɗanlami da Lami 'yan Alhamis, Ɗanjuma da Jummai 'yan Jumma'a, Ɗan'asabe da Asabe 'yan Asabar. Ɗan'azumi kuwa watansa ya faɗa, Sallau ma ranarsa ya faɗa. Da sunan nan ana iya gwada takardar haihuwa a ga ko tana kan gaskiya.

Ga yadda ake yi. Kwana 365 mako 52 ne da kwana guda. Saboda haka ranar haihuwar mutum tana gusawa gaba da kwana ɗaya kowace shekara, in kuma an ƙetare 29 ga Fabrairu ta gusa da biyu. A ɗauki yaron da aka haifa ran 1 ga Oktoba 1960, ranar da Nijeriya ta sami mulkin kai, wadda ta kama Asabar. Ran 1 ga Oktoba 2020 ya cika shekara 60, ya kuma ƙetare kabisa 15, daga 1964 zuwa 2020. In an haɗa 60 da 15 sun zama 75. A raba 75 da 7, saura 5. A ƙirga kwana 5 daga Asabar, sai a sauka kan Alhamis, ranar kuwa Alhamis ce. In ranar makon yau ce aka sani, sai a bi lissafin da baya har a iske ranar haihuwa. Kwanakin yaron kuma sauƙi gare su: 365 sau 60, a ƙara 15, sun zama 21,915.

Sai dai akwai abu biyu da ya kamata a kiyaye. Na farko, a lissafin Musulunci kwana yana somawa ne daga faɗuwar rana, a na Turawa kuwa daga ƙarfe 12 na dare. Yaron da aka haifa daren Jumma'a bayan sallar isha'i Ɗanjuma ne a gida, amma takardar asibiti Alhamis za ta nuna, kuma babu wanda ya yi ƙarya cikinsu. Na biyu, shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Turawa da misalin kwana 11. Shekara 33 ta Hijira kusan daidai take da 32 ta Turawa. Ɗan'asaben nan na 1960, ranar da ya cika 60 a kalandar Turawa, ya riga ya yi shekara 61 da wata 10 a ta Hijira. In tsoho ya ƙirga shekarunsa da azumin da ya gani, adadinsa zai ɗara na ofis.

Shari'a ma tana da bakinta a ciki. A dokar Ingila ta da, mutum yakan cika shekara ne tun jajiberen ranar haihuwarsa. Daga 1970 aka mai da ita farkon ranar kanta, aka kuma rage shekarun zama baligi a doka daga 21 zuwa 18.

Ga wani abin mamaki. In 'yan wasa 22 da alƙalin wasa suka shiga filin ƙwallo na Old Trafford a Mancesta, ko Villa Park a Bamingham, sun zama 23. Mai saurare zai zaci da wuya biyu cikinsu su haɗa ranar haihuwa, tun da kwanakin shekara 365 ne. Amma in an jera mutum 23 bibbiyu, kowa da kowa, za a sami haɗi 253. Lissafi ya nuna yiwuwar dacewar ta ɗara rabi kaɗan, watau cikin irin wannan taro 100, misalin 51 za a tarar da biyu masu rana ɗaya.

A zamanin nan wayar hannu tana gama duk wannan lissafi kafin ƙiftawar ido. Kakarta a Jami'ar Mancesta aka haife ta, inda Freddie Williams da Tom Kilburn suka harhaɗa kwamfuta ta farko mai aiki da lantarki wadda ke ajiye umarninta a cikin kanta. Suka yi mata laƙabi da Baby, watau jaririya. Ta fara aiki ran 21 ga Yuni 1948, ranar Litinin. Da a Katsina ne, da Altine ke nan. Amma na'ura ba ta san kome ba sai abin da aka ba ta. In an ba ta ranar da aka ƙaga, za ta fitar da amsa har da minti, duk kuwa a kan ƙarya.

Don haka wanda Allah ya ba haihuwa, kafin ranar suna ya rubuta ranar mako da sa'a, da kwanan watan Turawa da na Hijira, sa'an nan ya kai ofishin rajistar haihuwa a ba shi takarda. Wanda kuma iyayensa ke da rai, ya tambaye su tun da sauran dama.

Nan ne ƙarshen jawabin wannan mako. A huta lafiya.