Jaz Ba Hayaniyar Nasara Ba Ce

Akwai wata magana da ta ƙi mutuwa a bakin mutanenmu, ni kuwa na gaji da jin ta. Da zarar wani ya kunna kiɗan jaz a fadar samari, a Zengo ne ko a Birni nan Damagaram, kafin shayin farko ya sauka daga wuta sai ka ji an ce: "Kai malam, kashe mana hayaniyar Nasaran nan, kowa na busa abin da ya ga dama." Ka tambayi mai maganar faifai nawa ya taɓa ji har ƙarshe, sai ya hau kame-kame. Ji ya yi ana faɗa, shi ma ya ɗauka.

Jaz kiɗa ne da ya taso a birnin New Orleans na Amurka a farkon ƙarni na 20, inda makaɗa ke ƙaga yawancin abin da suke bugawa nan take.

To, su wa suka ƙirƙiro shi? Jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. A birnin nan akwai wani fili, Congo Square, inda ake barin bayi su taru ran Lahadi su buga gangunansu. Gaskiya ne Turawa suka fara shigar da jaz a faifai a 1917, gaskiya ne kuma ya girma a gidajen rawa da mashaya. Amma Louis Armstrong da Duke Ellington da John Coltrane duk baƙar fata ne, kuma da yawa cikin manyan makaɗan sun musulunta: Art Blakey ya ɗauki sunan Abdullah Ibn Buhaina, ga Ahmad Jamal, ga Abdullah Ibrahim na Afirka ta Kudu da ya karɓi Musulunci a 1968. Hukuncin kiɗa a addini na bar wa malamai. Abin da ba zan bari ba shi ne a ɗauki dukiyar baƙar fata a miƙa wa Bature kyauta saboda lalacin bincike.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Yusef Lateef. Wannan dattijo ya bar Amurka a 1981 ya zo ya zauna Zariya, a Jami'ar Ahmadu Bello, wajen shekara huɗu, yana nazarin sarewar Fulani. A lokacin ne ya yi faifansa mai suna In Nigeria tare da makaɗan ƙasar. Mutum ya ƙetare teku ya durƙusa gaban masu busa irin namu don ya koya, mu kuma muna nan muna cewa abinsa baƙo ne.

Kada kuma wani ya zarce ya ce jaz a Damagaram aka haife shi. Ayarin Damagaram na zamanin Sarki Tanimu arewa yake yi, wajen Tarabulus, ba wajen Amurka ba. Dangantaka ce ta jini mai nisa, kunne ke gane ta.

Kunnen nan kuwa muna da shi. Ka tsaya ƙofar fadar Sarkin Damagaram ranar hawan Salla ka dubi mai algaita da kyau. Kumatunsa sun kumbura tim, yana jan iska ta hanci yana tura ta baki, sautin bai yanke ba ko da ƙiftawar ido. Ya san taken da zai busa, amma yau ya ja shi, gobe ya karya shi, ya zagaya ya dawo daidai inda mai ganga ke jiransa. Wa ya taɓa ce masa yana busa abin da ya ga dama? Jaz ma haka yake tafiya. Ana farawa da take, kowa ya ji shi. Sai mai saksofon ya ɗauka ya yi tasa magana a kansa, ya miƙa wa mai piyano, mai ganga na amsa musu, a ƙarshe a komo kan take. Wanda ya girma da waƙoƙin Ma'azu Ɗan Alalo da 'yan amshinsa bai da dalilin ɓata a nan.



Yanzu ga shawara. Ka daina karɓar guntun daƙiƙa talatin da ake yawo da shi a WhatsApp kana yanke hukunci. Ba a sanin daɗin miya da warin murfin tukunya. Idan ka je wurin masu tura waƙoƙi a Kasuwar Dole, kada ka ce "sa mini jaz", don za a cika maka kati da busar saksofon mai laushi irin ta ɗakin jiran otal. Rubuta sunan makaɗi da sunan faifai a takarda ka miƙa. In babu, ka nema a YouTube lokacin da intanet ke da ƙarfi, ka sauke gaba ɗaya, kuma ka tabbata waƙoƙin na jere yadda mai su ya jera.

Ka fara da Kind of Blue na Miles Davis, na 1959. Kiɗa biyar ne, a natse, ba ya firgita baƙo. Daga nan sai Eastern Sounds na Lateef, 1961, inda yake busa obo, 'yar'uwar algaita a wajen baki. Kunnen Badamagare zai tsinci kansa a gida. Mai son ganga ya nemi Moanin' na Blakey, ya ji yadda piyano ke kira ƙahoni na amsawa. A Love Supreme na Coltrane, 1965, wanda ya yi don godiya ga Ubangiji, ka ajiye shi sai kunnenka ya nuna, in ba haka ba za ka dawo ka ce masu zancen hayaniya sun yi gaskiya. Cikin sababbi, The Source na Tony Allen, 2017, ya fi mini yawancin abin da ake yayatawa. Tsohon mai gangar Fela ne, hannunsa kamar ba ya taɓa fata. Samari kuma su gwada Where I'm Meant to Be na Ezra Collective, 'yan Landan da ɗan asalin Najeriya Femi Koleoso ke jagoranta, faifan da ya ci lambar Mercury a 2023.

Ji na farko, bi mai busa. Na biyu, ka manta da shi ka bi mai ganga kaɗai. Lasifikar waya tana cinye sautin bas, don haka ka sa abin kunne ko ka ari akwatin sauti. Kuma duk faifan da ya yi maka, duba sunayen waɗanda suka buga a ciki ka bi sawunsu ɗaya-ɗaya: mai saksofon ɗin da zai kama ka a Kind of Blue, in ka duba, Coltrane ne ko Cannonball Adderley, kowannensu kuma da nasa tarin faifai.