Jami'a Ta Shigo Cikin Wayar Hannu

A dā yaron da ya sami shiga jami'a sai ya ɗaure akwatinsa ya nufi Zariya, ko Jos, ko Ibadan, gama a can malamai da littattafai suke. Yau kuwa ɗalibi yana iya zama a ɗakin uwarsa, ya buɗe waya ya saurari malaminsa.

Karatu daga gida ba jiya aka soma shi ba. A Ingila an kafa jami'a irin wannan a 1969, ta riƙa koyarwa ta rediyo da telebijin da wasiƙa. A Nijeriya gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa tata a 1983, aka dakatar da ita a 1984, sa'an nan aka farfaɗo da ita zamanin Shugaba Obasanjo. Ita ce ake kira NOUN. Ɗalibanta suna sauke littattafansu daga intanet, su aika da aikinsu ta nan. Ma'aikaci yana iya karatu bai bar aikinsa ba, matar aure ma haka. Shi kansa Obasanjo a nan ya karɓi digirin dakta kan ilmin tauhidin Kirista a 2018.

Sauran jami'o'i su ma abin ya iske su. Tun 2015 kowane yaro da kwamfuta yake rubuta jarrabawar JAMB. Da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a 2020, waɗansu jami'o'i suka ci gaba da darasi ta Zoom da WhatsApp. A nan ne aka ga bambanci. Wanda gidansu akwai lantarki da kuɗin data ya yi gaba, ɗan ƙauye kuwa aka bar shi a baya.

Akwai kuma wani haɗari wanda ya fi wannan. A ƙarshen 2022 aka fito da ChatGPT, wanda ke rubuta amsar tambaya nan da nan. Ɗalibi yana iya kwafewa ya miƙa wa malami, ya sami maki, alhali kansa fayau. To, ranar da ya zama likita ko injiniya, wa zai sha wahalar? Mara lafiya ne, da masu bin gadar da ya gina.

Saboda haka, iyaye, sayen waya kaɗai bai isa ba. Tun yaro yana sakandare, a nema masa inda zai saba da kwamfuta. In ya zo hutu, a ce ya ajiye wayar ya bayyana da bakinsa abin da ya koya. Ko ba ku yi boko ba, za ku gane wanda ya san abu da mai kame-kame.

Ku kuma 'yan makaranta, waya tana iya kawo muku malami har gida, amma ba ta iya yi muku karatun. Kowa ya ci zomo, ya ci gudu.