Zaɓen raba gardama: wa ke fassara wa talaka tambaya?

A Babbar Kasuwar Yamai, ba a cinikin biri a sama. Mai sayen atamfa sai ya warware turmi, mai sayen shinkafa sai ya soka hannu cikin buhu. Amma ɗan kasuwar nan da ba ya yarda da kaya sai ya gani, sau biyar aka kira shi tsakanin 1992 da 2010 ya ce «i» ko «a'a» a kan kundin tsarin mulki da aka rubuta cikin Faransanci, harshen da akasarin masu jefa ƙuri'a ba su karantawa.

An yi zaɓen raba gardama ran 26 ga Disamba 1992, bayan Taron Ƙasa, sa'an nan a 1996, 1999, 2009 da 2010. A kowane karo tambayar gajera ce, abin da ke bayanta kuwa ayoyi ne fiye da ɗari. Bayanin da ya isa rumfunan kasuwa ya fito ne daga bakin 'yan kamfe da gidajen rediyo, kowa na jan ruwa zuwa gonarsa.

Shekarar 2009 ta nuna hatsarin wannan giɓi. Ran 26 ga Mayu shugaba Mamadu Tanja ya rusa majalisar dokoki, cikin watan Yuni ya rusa kotun tsarin mulki wadda ta ƙi amincewa da shirinsa. Ran 4 ga Ogusta aka tambayi jama'a ko sun yarda da sabon kundi. Cikin wannan «i» ɗaya akwai ƙarin shekara uku a kan mulki, da cire iyakar wa'adi. Wanda ke son wani sashe na kundin amma ba ya son tazarce, ba shi da takardar da zai jefa. Hukuma ta ce kashi 92 cikin 100 sun amince. 'Yan adawa sun ƙaurace. Ran 18 ga Fabrairu 2010 soja suka kifar da gwamnati.

Batun shata iyakoki kuwa, ba a taɓa kai shi gaban masu zaɓe a Nijar ba. Dokokin 2002 suka raba ƙasa zuwa jahohi 8, gundumomi 36 da ƙananan hukumomi 265. A 2011 gundumomin suka koma 63. Tun zaɓen 1993 aka keɓe mazaɓu na musamman guda 8, irin su Tasara, Bilma da Bankilare, domin ƙananan al'ummomi su sami wakili. Ba ƙaramin abu ba ne wannan layi da ake ja a taswira: shi ke nuna wa ɗan kasuwa inda zai biya patanti, shi ke nuna wa ma'aikaci inda za a tura shi aiki, shi kuma ke iya mayar da mai rinjaye marar rinjaye ba tare da mutum ɗaya ya sake ra'ayi ba.

A wasu jihohin Amurka, jama'a ke yanke hukunci a kan hanyar shata mazaɓu, kuma can gardamar ta koma kan 'yan layukan bayani da ake bugawa a takardar ƙuri'a. A Misuri, cikin 2020, 'yan majalisar jiha suka rubuta bayanin gyaran da su da kansu suka kawo. Kotu ta ga bayanin na ɓatar da mai zaɓe, aka sake rubuta shi. A Ohayo, cikin 2024, wasu suka nemi a karɓe aikin shata mazaɓu daga hannun 'yan siyasa. Kwamitin hukuma mai rubuta bayani ya ce sabon tsarin zai tilasta karkatar da iyakoki, wato ainihin abin da masu shawarar suka ce suna yaƙi da shi. Kotun ƙolin jihar ta bar mafi yawan kalmomin, shawarar kuwa ta faɗi.

Masu cewa a bar wa majalisa alƙalami suna da hujja: zaɓaɓɓu ne, ana iya tuhumarsu. Masu ja da su na cewa wanda kujerarsa ta rataya a kan iyaka ba ya zama alƙali a kanta. Ƙasar Suwis ta nuna nauyin al'amarin: kowane mai zaɓe na samun ɗan littafi mai bayani da hujjojin ɓangarori biyu, kuma a 2019 kotun tarayya ta soke wata ƙuri'ar 2016 domin gwamnati ta ba da adadi marar gaskiya.

Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka jingine kundin 2010, a 2025 kuma aka ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Duk ranar da aka sake kiran jama'a ga akwati, abu uku ya kamata a tanada tun da wuri: masu rubuta bayani waɗanda ba su da riba a sakamako, fassara cikin Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek, Barbarci da sauran harsuna, da kuma raba manyan batutuwa, kowane da tambayarsa. Ɗan Babbar Kasuwa ya san mudu, ya san sikeli. Abin da yake nema kawai a buɗe masa buhun kafin ya biya.